Awon lafiyar masu kashe gobara: me ake dubawa, kuma ina aka kwana a Arlit da jihar Agadas?

Awon lafiya kafin aikin kashe gobara bincike ne da likita ke yi wa mutum domin a tabbatar zuciyarsa da huhunsa da gaɓoɓinsa za su jure zafi da hayaƙi da ɗaukar kaya mai nauyi na tsawon sa'o'i. A ƙarshen binciken ana ba da takarda mai ɗauke da ɗaya daga cikin hukunci uku: ya dace da aikin, ya dace amma da sharaɗi, ko bai dace ba. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ciki har da Nijar, kalmomi biyu ne aka fi gani a kan wannan takarda, apte da inapte, kuma babu tsohon ma'aikacin ma'adinai a Arlit ko Akokan da bai san nauyinsu ba, domin a kansu albashi ke tsayawa ko ya faɗi.

Jihar Agadas na da gobara iri biyu waɗanda ba su yi kama da juna ba. Akwai ta masana'anta, a garuruwan uranium, inda ake ajiye man dizal da farar wuta da sinadarai da nakiyar fasa dutse. Akwai kuma wutar daji, wadda ke cinye makiyaya a kudanci da yammacin jihar. Masu tunkarar ta farko sun saba da likita tun ranar da aka ɗauke su aiki. Masu tunkarar ta biyu, akasarinsu makiyaya da mutanen ƙauye, ba wanda ke auna su.

Inda wuta ke tashi

Shi kansa garin Arlit ba shi da dajin da zai ƙone. An kafa shi a 1969 a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da birnin Agadas, saboda kamfanin SOMAIR da ya fara fitar da uranium a 1971. Ruwan da ke sauka a wurin a shekara bai taka kara ya karya ba. Ciyawar da ke ci da wuta tana can wajen Ingal da Aderbisanat, da filayen Irhazer da Tadres, har zuwa Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa. Abin mamakin shi ne, shekarar da damina ta yi albarka ita ce shekarar da aka fi fargaba: ciyawa ta yi yawa, ta bushe daga watan Oktoba, sai iskar hunturu ta taso. Guntun taba, garwashin shayi da ba a kashe ba, ko wutar da matafiya suka bari, kowanne ya isa ya tayar da gobarar da za ta yi kwanaki tana tafiya.

Idan wuta ta tashi, waɗanda ke fara isa wurin su ne Abzinawa da Fulanin da ke kiwo kusa, da rassan itace da tsofaffin buhuna da shebur. Daga baya jami'an gandun daji da sojoji ke isowa, in hanya ta ba da dama. Sojojin kwana-kwana, waɗanda ake kira ta lamba 18, suna cikin manyan garuruwa ne, kuma tsakaninsu da makiyaya tafiyar sa'o'i ce. Babban rigakafin da gwamnati da ƙungiyoyi ke yi shi ne share hanyoyin tare wuta, wato a kankare ciyawa a dogon layi domin wuta ta rasa abin ci idan ta iso. Mutanen karkara ne ke yin aikin ana biyansu kuɗi, kuma aiki ne na ƙarfi, a rana, da manjagara a hannu.

Abin da ke kashe mai kashe gobara

Mutane na zaton harshen wuta ne babban makashin masu wannan aiki. Alƙaluman Amurka, inda aka daɗe ana ƙirga irin waɗannan mace-macen, sun nuna wani abu dabam: kusan kashi 45 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan da suka mutu a bakin aiki ciwon zuciya ne ya ɗauke su. Dalilin a fili yake. Mutum na zaune, sai a ce wuta, ya tashi da gudu, bugun zuciya ya kai ƙarshe, zufa ta kwashe ruwan jiki, jini ya yi kauri, ga hayaƙi yana rage iskar da jini ke ɗauka. Wanda ke da hawan jini ko toshewar jijiyar zuciya bai sani ba, a nan abin ke bayyana, sau da yawa karo na farko kuma na ƙarshe.

Hayaƙi ma babban haɗari ne. Yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da ruɗewar tunani daidai lokacin da mutum ke buƙatar sanin ta ina iska ke kaɗawa. Ƙyalle ko rawani na tare toka da manyan ɓurɓushi, amma ba ya tare wannan iska. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sanya aikin kashe gobara cikin rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Sai zafi. Jiki na iya zubar da lita guda ta zufa a cikin sa'a guda na aiki mai tsanani. Idan aka matsa wa tsoka fiye da kima a cikin ƙishirwa, tana iya narkewa ta zuba cikin jini ta lalata ƙoda. Alamarsa fitsari mai launin baƙin shayi da ciwon gaɓoɓi da ya wuce na gajiya. Masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya, wato AS, waɗanda suke da yawa a Afirka ta Yamma, lafiyayyu ne kuma ba a hana su aikin, sai dai haɗarin faɗuwa ya fi yawa a gare su idan zafi da ƙishirwa da gudu suka haɗu. Sanin hakan kaɗai na sa a kula da shan ruwa da hutu.

Abin da likita ke dubawa

Rabin aikin tambayoyi ne. Shin mutum ya taɓa jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a kan aiki? Ya taɓa suma? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya a danginsa yana da ƙuruciya? Yana shan taba? Yana da asma, farfaɗiya, ciwon suga, ko ya taɓa jinyar tarin fuka? Daga nan a auna hawan jini, wanda ake ɗauka ya hau idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya. A saurari zuciya da huhu, a duba gani da ji, a duba gwiwa da baya, a gwada fitsari da jini. Inda akwai kayan aiki ana ɗaukar zanen bugun zuciya, ana kuma sa mutum ya hura iska cikin na'ura domin a san yawan iskar da huhunsa ke riƙewa da saurin fitar da ita.

Faransa ta tsara wannan a cikin dokar 6 ga Mayun 2000 kan cancantar 'yan kwana-kwana, bisa ma'aunin da ta aro daga rundunar sojinta mai suna SIGYCOP. Kowane harafi na wakiltar wani sashe: hannuwa da kafaɗu, ƙafafu, lafiyar jiki baki ɗaya, idanu, bambance launuka, kunnuwa, da lafiyar ƙwaƙwalwa. A ƙarƙashin wannan doka an riƙa ba kowane sashe makinsa, jerin makin kuma ya nuna irin aikin da za a iya ɗora wa mutum. Muhimmin abu a tsarin shi ne maimaitawa: takardar bara ba ta isa shaida a bana ba.

Amurka, mai manyan gobarar daji, ta ƙara da gwajin ƙarfi. Tun ƙarshen shekarun 1990 duk mai son shiga sahun gaba sai ya goya jaka mai nauyin kilo 20, ya yi tafiyar kilomita 4.8 cikin minti 45, ba tare da gudu ba. Masu aiki matsakaici na ɗaukar kilo 11 su yi kilomita 3.2 cikin minti 30. An samu mutanen da suka faɗi suka mutu a wurin gwajin kansa, shi ya sa ake fara tantance lafiya kafin a yarda mutum ya goya jakar. Gwaji ne da ba ya buƙatar komai sai buhun yashi da agogo da hanya miƙaƙƙiya, abubuwan da ba a rasa su a Ingal ko Aderbisanat.

Darasin Arlit da Akokan

Babu wani yanki a Nijar da ya san awon lafiyar ma'aikata kamar garuruwan uranium. Dokar ƙwadago ta ƙasa, ta 25 ga Satumban 2012, ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin kula da lafiyarsu, amma a Arlit al'adar ta girmi dokar. SOMAIR, mai haƙa a buɗaɗɗen rami, da COMINAK, wanda aka kafa a 1974 ya kuma fara fitar da uranium a 1978 daga ramin Akouta mai zurfin kusan mita 250, kowanne ya gina asibitinsa. Ma'aikaci na ganin likita kafin a ɗauke shi, yana komawa lokaci zuwa lokaci, yana kuma rataye da ƙaramar na'ura mai ƙirga tururin nukiliyar da jikinsa ya sha. Ƙa'idar duniya ta kayyade milisibat 20 a shekara ga ma'aikaci, da 1 kacal ga sauran jama'a. Ga masu aikin ceto a ƙarƙashin ƙasa awon ya fi tsanani, domin mai shiga rami cike da hayaƙi da tukunyar iska a baya ba shi da inda zai tsaya ya huta.

Sai dai tarihin Arlit ya nuna cewa yin awo dabam, amincewa da sakamakonsa dabam. Likitan da ke sa hannu a takardar ma'aikacin kamfani ne, asibitin na kamfani ne, kundin bayanan ma yana hannun kamfani. Ƙungiyar Aghir In'man, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen wanda ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017, ta daɗe tana ƙorafin cewa ba a danganta cututtukan ma'aikata da aikinsu. Ita ce ta gayyato cibiyar CRIIRAD ta Faransa a Disambar 2003, sannan Greenpeace ta zo a 2009. Dukkansu sun ba da rahoton gurɓacewa a ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa. Kamfanin Areva, wanda daga baya ya koma Orano, ya musanta cewa ayyukansa na cutar da jama'a, yana cewa yana bin ƙa'idojin duniya.

Daga wannan taƙaddama aka haifi OSRA, cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas, a Disambar 2011, domin a riƙa duba tsofaffin ma'aikata bayan sun bar aiki. Hujjar kafa ta ta likitanci ce: iskar radon da ƙurar dutse na iya ɗaukar shekara goma, ashirin ko fiye kafin su zama ciwon dajin huhu ko ƙanƙancewar huhu, wato lokacin da mutum ya riga ya koma ƙauyensu. Ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar 2009 da ta share fagen cibiyar, ta janye a ƙarshen 2012 tana cewa ba a cika alkawari ba. Batun ma'aikatan 'yan kwangila, waɗanda suka sha ƙura ɗaya da ma'aikatan dindindin, ya ci gaba da zama abin jayayya.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata kusan 600 da 'yan kwangila wajen 700 suka rasa aiki. A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Sauyin ya sa tambayar kundin lafiya ta ƙara nauyi: wa ke riƙe da tarihin awon mutumin da ya yi shekara ashirin a rami, kuma yana da kofi a hannunsa?

A nan ne batutuwan biyu ke haɗuwa. Tsohon ma'aikacin ma'adinai ya san horo da bin umarni da kayan kariya, saboda haka shi ne za a fara nema idan ana haɗa ayarin sa-kai na kashe gobara a unguwa ko a karkara. Shi ne kuma ya fi kowa buƙatar a duba huhunsa kafin ya shiga hayaƙi, musamman idan yana shan taba, domin radon da taba na ƙara wa juna illa. Hoton ƙirji da gwajin hura iska a wurinsa ba ƙawa ba ne.

Abin da za a iya yi a karkara

Ba a tsammanin makiyayin da wuta ta nufo garkensa ya tsaya neman takardar likita. Amma ayarin da aka tsara tun kafin lokaci, kamar masu share hanyar tare wuta da kwamitocin ƙauye, ana rubuta sunayensu ne kafin a fara aiki, kuma a ranar rubutun ma'aikacin jinya na cibiyar lafiya mafi kusa zai iya yin tambayoyin nan ya auna hawan jini cikin minti goma. Wanda aka samu da matsala ba korarsa ake yi ba, balle a hana shi kuɗin aikin, abin da ke sa mutane ɓoye ciwo. Ana ba shi rabon ruwa, ko lura da iska, ko kai saƙo. Mai ciwon ƙirji, mai asmar da ke tashi, mai farfaɗiya, mace mai juna biyu da yaro ƙarami ba sa shiga sahun gaba. Wanda kuma ya dawo daga wuta da ciwon kai mai tsanani, amai, ruɗewa ko baƙin fitsari, asibiti za a kai shi a ranar, ko da ya ce gajiya ce kawai.