Dambe da Kafuwera: Darajar Wasan Talakawa

Tun zamanin da, idan kaka ta yi a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir, aka gama shigar da gero da dawa rumbu, samarin mahauta sukan bi ƙauyuka neman dambe. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ya kare da ɗayan. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa kuwa an kashe shi. Makaɗa su ke zuga maza, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. Amma da yake sana'ar fawa ba ta da martaba a idon masu sarauta, wasan ma bai tsira daga raini ba.

Kafuwera, wasan faɗa na ƙasar Burazil, ta sha wuyar da ta fi haka. Bayin da aka kwaso daga Afirka, musamman yankin Angola, su suka raya ta. Akan yi da'ira, mutum biyu su shiga suna shuri da kaucewa, kiɗa yana yi musu linzami. A 1890 doka ta haramta ta. A 1932 Mestre Bimba ya buɗe makarantar koyar da ita a birnin Salbado, a 2014 kuma Hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun gado na duniya.

Ashe ke nan, koyarwa da rubuta tarihi su ke fid da wasa daga raini. Tsofaffin 'yan damben ƙauyukan arewacin Kano kuwa suna ƙarewa da abin da ke kansu. Wajibi ne ɗalibai da ma'aikatan al'adu su riske su tun suna raye.