Farkon Intanet Mai Sauri ta Wayar Talabijin a Amurka

Wayar talabijin ta kebul ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1948 aka fara ta a Amurka, a garuruwan da duwatsu suka tare wa hoton talabijin, irin su Mahanoy City a jihar Pennsylvania da Astoria a Oregon. Sai a kafa doguwar eriya a kan tudu, a ja waya daga can zuwa gidaje. Wanda ya yanka wayar zai ga sandar tagulla guda a tsakiya, farin soso ya lulluɓe ta, sai saƙar ƙarfe, sai baƙar roba a waje. Tana ɗaukar kaya fiye da siririyar wayar tarho sau ba adadi, amma an shimfiɗa ta ne don kai saƙo kawai, kuma na'urorin ƙara ƙarfin sigina da ke kan turaku gefe ɗaya suke turawa, daga kamfani zuwa gida. Intanet kuwa ciniki ne na ba ni in ba ka. Saboda haka babban aikin da aka yi a wannan tarihi shi ne buɗe hanyar komawa, kuma wanda ya mallaki wayar shi ya ci riba a ƙarshe.

A tsakiyar shekarun 1990 mai intanet a gida ta layin tarho yake shiga, da modem mai gudun kilobit 28.8 a daƙiƙa, daga baya 56. Sai ya jira na'urar ta gama ƙugi da tsuwa kafin ta haɗu, kuma muddin yana ciki, duk wanda ya kira gidan zai tarar layi a toshe. Kamfanin LANcity, wanda Rouzbeh Yassini ya kafa a 1990, yana cikin na farko da suka ƙera modem na kebul. A 1995 kamfanin kebul na Rogers ya fara gwaji a Newmarket ta Kanada, Time Warner kuma a Elmira ta jihar New York. A 1996 Road Runner na Time Warner ya buɗe a Akron ta Ohio, @Home kuma a Fremont ta California, a kan kusan dala 40 a wata.

Hanyar komawa ita ce ta ba injiniyoyi wahala. Ɗan wurin da aka ware wa saƙon da ke fita daga gida yana can ƙasa, tsakanin megahaz 5 da 42, zangon da rediyon gajeren zango ke ciki, wato inda masu sauraron Sashen Hausa na BBC suka saba murɗa akwatinsu. Mahaɗi ɗaya da ya saki a bayan talabijin ɗin wani ya isa ya shigo da hayaniyar rediyo da ta injinan gida, kuma da yake wayoyin unguwa duka a wuri ɗaya suke haɗuwa, hayaniyar gidaje ɗaruruwa sai ta taru ta danne saƙon kowa. Wasu kamfanoni sun yi dabarar wucin gadi, saƙo ya sauko ta kebul ya koma ta tarho, wanda ya bar layin gidan a toshe kamar da. Maganin gaskiya mai tsada ne: a ja zaren gilashi har bakin unguwa, a rarraba gidaje rukuni-rukuni, a sauya na'urorin kan turaku da masu aiki gaba da baya.

Wani zai ce gudu ne ya sayar da abin, tunda tashar talabijin ɗaya mai faɗin megahaz 6 tana iya sauko da kusan megabit 38 a daƙiƙa. Gaskiya ne gudun ya ja hankali, sai dai ba na mutum ɗaya ba ne, rijiyar unguwa ce. Da magariba, idan kowa ya dawo gida ya zura guga, sai ruwan ya ja baya, kuma kamfanonin tarho masu sayar da DSL, wato intanet mai sauri ta layin tarho, sun yi ta tallata wannan aibin. A 1999 @Home da kansa ya taƙaita abin da mutum zai tura zuwa kilobit 128. Duk da haka mutane ba su koma wa tarho ba, domin sun ɗanɗana layin da ba a kashe shi, wanda ba ya hana kira shigowa, kuma hanyar komawa ce ta ba su wannan.

Da farko kowane kamfani da irin modem ɗinsa, na wannan gari ba ya aiki a wancan. A Maris 1997 aka fitar da ƙa'idar bai-ɗaya ta DOCSIS, cibiyar CableLabs ta ɗauki nauyin gwada na'urori, a 1999 kuma ta amince da na farko. Daga nan modem ya zama kayan kanti, farashi ya faɗi, darajar ta koma wurin mai waya.

Labarin @Home ya tabbatar da haka. An kafa shi a 1995 da kuɗin kamfanin kebul na TCI da masu zuba jari na Kleiner Perkins, ya haɗe da kamfanin intanet na Excite a 1999 a cinikin dala biliyan 6.7, ya tara masu biya kusan miliyan huɗu. Ana iya ɗora faɗuwarsa a kan wannan haɗaka da rushewar kasuwar hannayen jarin intanet, kuma sun taimaka ƙwarai. Amma wayar da ke shiga gidajen ta Comcast ce da Cox da AT&T, su ne kuma ke riƙe kaso mafi tsoka na kuɗin wata. Da @Home ya durƙushe a 2001, sai suka kwashe masu biyan zuwa nasu tsarin cikin 'yan watanni. A 2002 hukumar sadarwa ta FCC ta yanke cewa ba dole ba ne kamfanonin kebul su buɗe wayarsu ga wasu masu sayar da intanet, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a shari'ar Brand X ta 2005.