Lambar Yabon da Ta Yi Wata Biyu Kacal

A watan Fabrairun 2013, Sakataren Tsaron Amurka Leon Panetta ya ƙirƙiro lambar yabo ta Distinguished Warfare Medal domin masu sarrafa jirage marasa matuƙa. Matsayin da aka ba ta ne ya tayar da ƙura: an ɗora ta sama da Purple Heart, lambar waɗanda aka raunata ko aka kashe a fagen daga. Tsofaffin sojoji suka ce da sake. Ta yaya mai zaune gaban kwamfuta a Nevada zai sha gaban wanda ya zubar da jininsa a Afganistan? Magajin Panetta, Chuck Hagel, wanda shi kansa aka raunata a yaƙin Biyetnam, ya soke ta a watan Afrilu, tun ba a bai wa kowa ba. A 2016 aka maye gurbinta da ɗan harafin R, wanda ake maƙalawa a jikin lambobin da ake da su.