Jini ko Lakwal? Tsohuwar Muhawara da Darasinta ga Ƙasar Kurfai

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A kan irin wannan tunani ne mulkin mallakar Faransa ya aza harsashin karatun boko. A 1855 Gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Saint-Louis ta Senegal, wadda daga baya aka kira makarantar ƴaƴan sarakuna, bisa zaton cewa iya mulki gado ne. Da Nasara suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya bisa Kurfai, ta hannun sarakuna suka riƙa neman yaran lakwal, kamar yadda suka yi ko'ina.

Sai dai sarakuna da dama a Afirka ta Yamma sun ɓoye ƴaƴansu, suka tura na bayi da talakawa. Sakamakon ya rushe zaton. Bubu Hama, ɗan talaka daga Foneko ta ƙasar Tera, ya fito daga makarantar William Ponty a 1929 a matsayin malami, ya kuma shugabanci Majalisar Dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974.

A Turai ma an yi wannan muhawara, amma da rigar kimiyya. A 1869 Francis Galton ya wallafa littafi yana cewa basira gado ce. Ra'ayin Cyril Burt, mai binciken tagwaye, ya ƙarfafa jarrabawar da ta riƙa rarraba yaran Ingila tun suna shekara 11 bayan dokar ilimi ta 1944. Bayan mutuwarsa a 1971, masana suka gano alƙalumansa ba abin dogaro ba ne.

Binciken zamani bai musanta tasirin gado ba, amma ya nuna iyakarsa. A 2003 Eric Turkheimer ya gano cewa a gidajen matalautan Amurka, halin rayuwa ya fi gado bayyana bambancin basirar yara. Wani bincike na 2022, a kan mutum miliyan 3 masu asalin Turai, ya nuna ma'aunin ƙwayoyin gado na bayyana kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari kawai na bambancin zurfin karatu.

Manomin Sanam ya san wannan: ba a gane kyawun irin hatsi a shekarar fari. Ƙasar da ta sha yunwar 1973 da ta 1984, jahar Tilaberi da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantunta a 2022 da 2023, ba wurin auna gadon basira ba ne. Kafin malami ya ce wane ɗan wane ba ya da kai, ya kamata a tambaya ko yaron ya karya kumallo, ko ajinsa na da malami, ko kuma an koyar da shi da harshen da yake ji.