Fostar yaƙi da ta siyasa: yadda hoton bango yake jan ra'ayin jama'a

Fosta, wadda Faransawa ke kira afish, babbar takarda ce mai hoto da gajeren rubutu da ake liƙawa a bango domin a sa mai wucewa ya aikata wani abu: ya shiga soja, ya ba gwamnati rance, ya tsani abokin gaba ko ya zaɓi ɗan takara. Tun da ba a tsayawa karanta ta kamar jarida, mai zanen na da daƙiƙa biyu ko uku kawai. Shi ya sa yake zaɓen saƙo guda, ya ɗora shi kan fuska, launi da ƴan kalmomi, sauran gaskiyar kuma ya bar ta a waje.

Asalinta

Fosta mai launi ta bunƙasa a birnin Paris a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da mai zane Jules Chéret ya inganta dabarar buga hoto da allon dutse, kowane launi da nasa allon. Da farko tallar sabulu, magani da gidajen rawa ake yi da ita. Dokar Faransa ta 29 ga Yuli 1881 ta tsara yadda ake liƙa takardu, ta kuma keɓe farar takarda ga sanarwar hukuma. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, babu telebijin, gidajen rediyo kuma ba su fara watsa shiri ga jama'a ba. Bango da jarida su ne hanyar da gwamnatoci ke isa ga talakawa.

Ido da yatsa

A 1914 Ingila ba ta da dokar tilasta shiga soja, sai a 1916 ta kafa ta, saboda haka dole a lallashi matasa. A watan Satumban 1914 Alfred Leete ya zana ministan yaƙi Lord Kitchener, da ƙaton gashin baki, yana nuna mai kallo da yatsa. An zana idanun suna duban gaba sak, don haka ko ta wane gefe mutum ya bi, sai ya ga kamar shi ake kallo. Ba a nuna fagen daga ko gawa ba, an share komai sai fuska da hannu.

Dabarar ta yi tasiri har wasu suka ara. A 1917 James Montgomery Flagg ya zana wa Amurka dattijon nan Uncle Sam a wannan tsayuwa, aka buga kwafi kimanin miliyan 4. A 1920 Dmitri Moor ya zana sojan rundunar ƴan gurguzu ta Rasha yana tambayar mai kallo ko ya ba da sunansa. Ƙasashe uku masu aƙida daban-daban sun yi aiki da dabara ɗaya, wato fitar da mutum daga cikin taro a sa shi jin kunya in ya ƙi amsawa.

Motsi da tsoro

A lokacin yaƙin duniya na farko Faransa na da aikin soja na dole, don haka abin da ta fi nema a bango shi ne kuɗi. Fostar Abel Faivre ta 1916, wadda aka yi domin rance na biyu na tsaron ƙasa, ta nuna matashin soja da bindiga a hannu ɗaya, ɗayan hannun a sama, ya waiwayo yana kiran na baya. Jikinsa ya karkata daga wannan kusurwa zuwa waccan, abin da ke sa ido ganin gudu a takardar da ba ta motsi. Kalmomi uku ne a sama, "On les aura", ma'ana za mu ci su, waɗanda aka ɗauko daga umurnin Janar Pétain a yaƙin Verdun. A fuskar sojan ba a ga yunwa ko taɓon ramuka ba.

Wata hanyar ita ce mayar da abokin gaba dabba. Wata fostar Amurka ta Harry Hopps ta nuna Jamus a siffar gwaggon biri sanye da hular ƙarfen sojan Jamus, da kulki a hannu, ya sungumi mace. Idan aka cire wa mutum kamannin ɗan Adam, kashe shi ba ya zama abin tambaya.

Sojan Afirka a bangon Paris

Faransa ta kwashi mutum kusan 200,000 daga yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma a wancan yaƙi, kimanin 30,000 kuma ba su dawo ba. Sunan tirailleurs sénégalais aka ba su duka, ko daga ina suka fito. A 1917 Lucien Jonas ya zana fostar ranar tara kuɗi domin sojojin Afirka: baƙin soja a gaba, ya ɗaga bindiga, yana kutsawa cikin wuta. Tun 1915 kuma kamfanin Banania ya sa hoton tirailleur mai jar hula yana dariya da cokali a hannu, tare da gurɓataccen Faransanci. Ɗaya ta nuna shi jarumi marar tsoro, ɗayar ta nuna shi kamar yaro mai fara'a, dukansu kuma suna cewa da son ransa ya zo.

Abin da aka bari a waje ya fi yawa. A 1915 da 1916 al'ummomin yankin Bani da Volta sun yi tawaye saboda kamun soja na dole. Daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917 mayaƙan Kawsan sun yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya. A watan Afrilun 1917 kuma dubban sojojin Afirka sun faɗi a Chemin des Dames. Mai kallon bangon Paris bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Lokacin da reshe ya juya da mujiya

Ba kullum fosta ke yin aikin da aka aike ta ba. A watan Fabrairun 1944 ƴan mamayar Jamus suka liƙa wata jar fosta a biranen Faransa, wadda daga baya aka sani da Affiche rouge. Ta ɗauki fuskokin mutum 10 daga cikin 23 na ƙungiyar Missak Manouchian, ɗan asalin Armeniya. An jera hotunan kamar kan mashi, an sa wa kowa sunansa, asalinsa da yawan hare-haren da ake zarginsa da su, a ƙasa kuma ga jiragen ƙasa da aka kifar da gawarwaki. Manufar ita ce a nuna masu gwagwarmaya baƙi ne, Yahudawa da ƴan gurguzu, ba ƴan ƙasa ba. An zaɓi jan launi domin ya tuna jini.

An harbe 22 daga cikinsu ranar 21 ga Fabrairu 1944. Amma wasu mazauna Paris sun riƙa ajiye furanni a gindin fostar, suna rubuta cewa mutanen sun mutu ne domin Faransa. Bayan shekara 80 cif, a 2024, aka kai Manouchian ginin Panthéon, makwancin manyan ƙasar.

Daga yaƙi zuwa zaɓe

Ƴan siyasa sun gaji waɗannan dabaru. A 1981 fostar François Mitterrand ta sa fuskarsa a gaban wani ƙauye mai hasumiyar coci, domin kwantar da hankalin masu tsoron mulkin ƴan hagu. A 2008 Shepard Fairey ya zana Barack Obama da ja, shuɗi da ruwan madara, yana duban nesa, da kalma ɗaya a ƙasa mai nufin fata. Dokar zaɓen Faransa ta hana ɗan takara haɗa launukan tutar ƙasa a fostarsa, don kada ya yi kama da hukuma.

A Nijar, inda mutane da dama ba su yi boko ba, launi da alama sun sha yin aikin rubutu. A zaɓukan baya, ruwan hoda na nuna PNDS Tarayya, tsanwa kuma MNSD Nasara, fuskar ɗan takara kuma na yawo a atamfa, hula da bayan kabu-kabu. Yau hoton ya koma WhatsApp da Facebook, inda ake sarrafa shi cikin minti kaɗan ba tare da sunan mai shi ba. Mai kallo na iya yi wa kowane irin hoto tambayoyi uku: wa ya biya kuɗinsa, me yake so in yi, me kuma ya ƙi nuna mini?