Tsohon jirgin faiba mai tafiya da iska: yadda ake gano asalinsa da gyara shi

Ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa masu tafiya da ƙarfin iska, waɗanda ake ƙerawa da zaren gilashi da ƙaron roba, wato faiba, sun yaɗu a Amurka da Turai tun daga shekarun 1950. Faiba ba ta ruɓewa kamar katako, ba ta tsatsa kamar ƙarfe, don haka jirgi yakan daɗe har bayan rushewar kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya sayi irinsa na hannu, aikin farko da ke gabansa shi ne sanin asalinsa, domin daga nan ne zai san nauyin da ya kamata jirgin ya yi, da girman ƙyallen iskarsa, da kayan gyaran da za su dace da shi.

Lambar shaida

Daga 1 ga Nuwamba, 1972, dokar Amurka ta wajabta sanya lamba mai alamomi 12 a jikin kowane jirgin shaƙatawa. Ana samun ta a bangon baya, ta gefen dama, kusa da sama. Alamomi uku na farko na kamfani ne, kuma Rundunar Tsaron Gaɓar Tekun Amurka tana da kundinsu a intanet. Biyar na tsakiya lambar jirgin ce, huɗu na ƙarshe kuwa lokacin ƙira.

A nan ne masu saye kan ruɗe. Daga Agustan 1984, harafin A yana nufin Janairu, har zuwa L na Disamba. Lambar da ta ƙare da C585 tana nufin Maris 1985, samfurin 1985. Amma a wani tsohon tsari mai farawa da M, harafin A yana nufin Agusta. A Tarayyar Turai lambar tana da alamomi 14, biyun farko na ƙasa ne. Idan aka ga an kankare lamba ko an sauya ta, hattara da kayan sata.

Idan babu lamba

Jirgin da ya girmi dokar sai a bi shi ta kamanni. A auna tsawo da faɗi, a duba tambarin da ke kan ƙyallen iska: hoton kifi na Sunfish ne, wanda kamfanin Alcort ya fara ƙerawa. Laser kuma, mai tsawon mita 4.23, ɗan Kanada Bruce Kirby ne ya tsara shi, ya fito kasuwa a 1971. Sai dai ƙyalle na iya zama na aro, don haka awo ya fi tambari ƙarfin hujja.

Bincike kafin gyara

A fara da sikeli. Gangar jikin Laser ba ta wuce kimanin kilo 59 ba. Idan jirgi ya zarce nauyin samfurinsa sosai, ruwa ya shige shi, kuma a samfurin da ke da soso a ciki, shanya shi kan ɗauki watanni. Sannan a ƙwanƙwasa jikin da ƙaramar guduma: ƙara mai kaifi alamar lafiya ce, amo maras kaifi yana nuna shimfiɗun faiba sun rabu. A cika ramin da ake kafa sandar ƙyalle da ruwa; idan ya ragu, akwai tsaga a wurin da ya fi ɗaukar nauyi.

Gyaran kansa

Ƙurajen da ke fitowa a ƙasan jirgi ruwa ne da ya ratsa fatar waje. Ana fasa su, a wanke, a bari su bushe sarai kafin a cike. Wurin da ya fashe ana goge bakinsa a karkace, faɗin gugar ya kai ninki 12 na kaurin bangon, sannan a shimfiɗa yadin gilashi hawa-hawa. Ƙaron efoksi ya fi foliyesta kama tsohuwar faiba, amma rana tana lalata shi idan ba a rufe shi da fenti ba. Ƙurar samfefa tana cutar da huhu da fata, don haka takunkumi da safar hannu wajibi ne.

Fenti shi ne na ƙarshe. Jirgin da aka shafe bisa danshi yakan sake fitar da ƙuraje, kuɗin gyara ya bi ruwa.