Asalin Gidajen Sarautar Sakkwato

Duk wanda ya taɓa hawa gadon Sarkin Musulmi, daga tsatson Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fito. Amma mutumin Sakkwato ba ya tsayawa nan, sai ya gaya maka sarkin ɗan wane gida ne. To, ga yadda gidajen suka samo asali.

Da Allah ya yi wa Shehu rasuwa a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaje shi. Bello ya shekara 20, sannan ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya hau a 1837. Daga nan sarauta ta riƙa kaiwa da komowa tsakanin gidajen nan biyu: Aliyu Babba ɗan Bello ya hau a 1842, Ahmadu ɗan Atiku ya bi shi a 1859. Sai a 1867, bayan jikoki sun riga sun yi, aka koma kan Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu na cikinsa. Gidan Muhammadu Buhari, wani ɗan Shehu, kuwa bai samu ba sai 1988, da aka naɗa Ibrahim Dasuki.

Shi kansa gidan Bello ya yi rassa. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, cikin masu neman gadon akwai Abubakar, jikan Mu'azu, da Ahmadu, jikan Atiku na Raba. Kakanninsu 'ya'yan Bello ne, su kuma tattaɓa-kunnensa. Abubakar aka ba, ya shekara 50 bisa gado. Ahmadu ya karɓi Sardauna, sarautar da Abubakar ɗin ya bari, da ita kuma duniya ta san shi.

Akwai wani reshen da masu jera sunayen sarakuna kan tsallake, ni kuwa a ganina bai kamata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, malama marubuciya, ita ce matar Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Bello. Ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri bayan mahaifinsa, waziranci kuma ya zauna a gidan, wato Giɗaɗawa. Jinin Shehu ne su ma, amma ta wajen mace, saboda haka ba sa neman gadon. Su ne dai kan gaba cikin masu zaɓen wanda zai hau. Daga zuriyar Asma'u Waziri Junaidu ya fito, wanda ya riƙe waziranci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, yana rubuta tarihin daular da adana littattafan kakanninsa.